Batirin Sola Ko Na Mota: Wanne Ya Kamata Ya Tada Injin Jirgin Ruwa?

Shin batirin sola zai iya tada injin jirgin ruwa? In zai iya, me ya sa masu gyaran inji ke hanawa? Kuma ta yaya mutum zai sayi batir sabo fil a Damagaram, a kai shi bakin ruwa, a murɗa makulli, inji ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru, alhali mita na nuna batir a cike yake? Gardama ce da ake yi a garejoji da shagunan kayan wuta, ta kuma yi ƙarfi tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. An maido da wutar a watan Maris na 2024, amma kafin nan baturan sola sun riga sun cika gari, har ya zama duk wanda ya ce yana neman batir mai ƙarfi, na sola ake fara nuna masa.

Wani zai ce me ya haɗa Damagaram da jirgin ruwa, garin duwatsun da ko ruwan sha daga nesa ake janyo masa? Hanya ce ta haɗa su. Titin da ya fita gabas ya bi ta Mirya, Gidimuni, Gure, Maine Soroa, ya kai Diffa da Ngigmi, kuma ta nan kayan masunta da masu fito na Komadugu da tafkin Cadi ke bi. Akwai ƴan garin nan da jarinsu ke kan ruwa, can gabas ko a kogin Isa wajen Gaya da Yamai. Mai jirgi yakan aiko ɗan'uwansa ya sayo masa batir a kasuwar Dole, ɗan aiken kuwa bai taɓa ganin injin ba. A nan kuskure ke farawa. Mota in ta ƙi tashi a kan kwalta sai a tura ta. Jirgi in ya ƙi tashi a tsakiyar ruwa, da mutane da kaya a ciki, iska na kaɗawa, magariba na gabatowa, babu mai tura shi.

Aiki biyu ne, batir ma iri biyu ne

Batirin mota da mafi yawan baturan sola tushensu ɗaya. Fallayen dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid, dabarar da wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro a 1859. Batir mai bolt 12 gida shida ne a ciki, kowane gida na ba da bolt 2.1 ko kusa da haka, shi ya sa cikakken batir ke nuna 12.6 zuwa 12.7 a mita. Bambancin yana wajen ƙirar fallayen.

Batirin tada inji fallayensa sirara ne, masu yawa, don asid ya taɓa dalma ta ko'ina a lokaci guda, wuta mai yawa ta fito cikin ƙiftawar ido. Batirin sola fallayensa kaurara ne, ba su kai waɗancan yawa ba, an yi su don su riƙa sakin wuta kaɗan-kaɗan tun daga magariba har asuba, a sake cika su da rana, gobe ma haka. Na farko dokin sukuwa ne, na biyu raƙumin ayari. Duka biyun ƙarfafa ne, amma wanda ya ɗora wa doki kayan Bilma zai kashe shi a hanya.

Ga lissafin da ke fayyace maganar. A ce demarer, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban inji har ya kama, ya ja amper 200 na tsawon daƙiƙa 5. Wutar da aka ci ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na batir mai 70 Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) ba, ko rabin kashi ɗaya ma ba ta cika ba. Tada inji ba ya cinye batir. Abin da yake nema shi ne batir ya iya sakin wuta mai yawa nan take ba tare da ƙarfinsa ya faɗi ba. Yanzu a ɗaura fitila mai wat 55 a kan wannan batir ɗin a bar ta awa 8 ana su da dare. Za ta sha kusan 37 Ah, fiye da rabin batirin. Batirin tada inji in ana yi masa irin wannan ƙwalƙwala, sau ƴan gomomi kawai zai jure kafin fallayensa su fara zubewa. Na sola mai kyau zai jure ɗaruruwa.

Lambobin da ke jikin batir

Lambar da kowa ya sani ita ce Ah: 45, 70, 100, 200. Ita mai shago ke faɗa, ita mai saye ke tambaya, da ita ake yanke kuɗi. Tana nuna yawan wutar da batir ke ajiyewa in ana zuƙarta a hankali, galibi cikin awa 20. Batir mai 100 Ah zai ba da amper 5 na tsawon awa 20. Ba ta ce komai ba game da ko zai iya ba da amper 300 cikin daƙiƙa uku.

Lambar da ta shafi tada inji ita ce CCA. Ma'anarta a ma'aunin Amurka: yawan amper da batir zai bayar na daƙiƙa 30 cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba. Baturan da aka yi musamman don jirage sukan zo da MCA, gwaji iri ɗaya amma a digiri sifili. Da yake batir ya fi kuzari in sanyi ya ragu, MCA kullum ta fi CCA girma, da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, a kan batir guda. Don haka in aka ajiye maka batir biyu, ɗaya an rubuta 600 MCA ɗaya 550 CCA, mai ƙaramar lambar ne ya fi ƙarfi. Na Turai kuma sukan rubuta adadin da harafin A da EN a gefensa, shi ma gwajinsa daban ne. A gwada iri da iri.

Ana iya cewa mu da ko a tsakiyar hunturu ba ma kusantar sifili, me za mu yi da lambar da aka auna cikin ƙanƙara? Gaskiya ne batir a nan zai ba da fiye da abin da aka rubuta. Amma da wannan ma'aunin masu ƙera inji ke faɗin buƙatar injinsu. A littattafan injinan Yamaha masu matsakaicin ƙarfi za ka ga an nemi batir da bai gaza 380 CCA da 70 Ah ba, manya kuwa sun fi haka nema. Wannan adadin shi ne ƙasa. Wuce shi ba ya cutar da inji, domin demarer abin da yake buƙata kawai yake ja. Kasa kai shi ne ke sa demarer ya juya a hankali, ya yi zafi, ya ƙone.

To batirin sola fa? Yawanci ba a rubuta masa CCA, don ba don haka aka yi shi ba. A yi wa masu goyon bayansa adalci: batirin sola babba, mai 100 Ah ko fiye, yakan tada ƙaramin inji a yanayinmu mai ɗumi, mutane sun gani da idonsu, ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ba ka san iyakarsa ba, kuma matsalarsa ta fi fitowa ta wajen caji.

Inji ne ke zaɓen batirinsa

Kafin a je kasuwa a san injin. Ƙananan injina masu ƙarfin doki 15 ko 25, da yawa daga masu doki 40 ma, da igiya ake tada su, ba su buƙatar batir sam. Masu makulli kuwa iri-iri ne, kuma abin dubawa shi ne yadda suke mayar wa batir caji.

Tsofaffin injina masu cin fetur gauraye da baƙin mai, da yawansu ba su da na'urar daidaita caji. Wutar da suke turawa ba ta da yawa, amper 6 zuwa 10, amma ba ta san batir ya ƙoshi ba. In an yi doguwar tafiya inji na gudu, mita za ta iya haura bolt 15. Batir mai marafai da ake buɗewa zai jure wannan, ruwansa ne zai ragu, sai a ƙara masa. Batir rufaffe, irin na sola da aka rubuta wa GEL ko AGM a jiki, in ya tafasa ya yi asarar ruwansa shi ke nan, babu ƙofar ƙara masa. Zai bushe daga ciki, wani lokaci ya kumbura. Wannan ne dalilin da ya sa makanikan da suka san aikinsu ke cewa a ɗora wa irin waɗannan injina batir mai marafai, kuma ina tare da su.

Baturan litiyam da suka fara shigowa suna da wata matsalar. A cikinsu akwai ƴar kwamfuta mai tsaron batir, wadda ke yanke wuta da kanta in ta ga an ja fiye da kima ko caji ya yi yawa. A gida wannan alheri ne. A jirgi, in ta yanke inji na gudu, daidai yake da a cire wayar batir, kuma hakan na ƙona na'urar caji. Sai in mai ƙera injin ya yarda da shi a rubuce, kada a tada inji da litiyam.

Sababbin manyan injina masu kwamfuta su ma ba sa wasa da batir. In ƙarfi ya faɗi lokacin murɗa makulli, kwamfutar ba za ta saki mai ba, ko da injin na juyawa. Mafi yawansu ko an naɗa igiya an ja, in batir ya mutu ba za su tashi ba.

Akwai batir da aka ƙera don jirgi, mai fallaye da aka ɗaure sosai saboda jijjiga. In an same shi, madalla. In ba a samu ba, batirin mota mai kyau, mai isasshiyar CCA, mai marafai, da aka ɗaure shi tamau, zai yi aikin.

Zafi ne ke cin batir a ƙasar nan

A Turai sanyi ake tsoro. Mu a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, batir da ke cikin jirgi a fili kuwa ya fi haka gasuwa. Masana batir suna da ƙa'ida: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rayuwar batirin dalma da rabi. Zafi na busar da ruwa, yana cinye fallaye, yana kuma sa batir ya sauke cajinsa da kansa ko ba a taɓa shi ba. Batir da aka bari a sauke na makonni, wani farin gishiri na daskarewa a kan fallayensa, daga nan ba ya ƙara karɓar caji yadda ya kamata. Shi ya sa jirgin da aka ajiye lokacin da ruwa ya janye, in aka dawo masa sai a tarar batir ya mutu ba tare da ya yi aikin komai ba. Ƙaramin allon sola da na'urar daidaita cajinsa sun isa su riƙe shi a cike.

Ruwan da ake ƙarawa kuma tsarkakken ruwan batir ne, wanda aka tara daga tururi. Ba asid ba, domin ruwa ne ke tashi, asid na nan. Ba kuma ruwan rijiya ko na tafki ba. Rijiyoyi da yawa a gabashin ƙasar nan ruwansu na da kanwa, kanwa kuwa kashe kaifin asid take yi. A zuba har ruwa ya rufe fallaye, kada a cika shi maƙil.

Rabin baturan da ake zagi, waya ce mai laifi

A nan nake so a tsaya, don a nan kuɗin mutane ke zubewa a banza. Kowace waya tana cinye wani abu daga ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta. Gwargwadon tsawonta da sirantakarta, gwargwadon abin da take ci. A wutar gida mai bolt 220, in bolt 2 suka ɓace a hanya ba wanda zai lura. A batir mai bolt 12, wanda kuma ke saukowa wajen 10 lokacin da demarer ke ja, bolt 2 su ne tsakanin tashi da ƙin tashi.

A ɗauki batir da ke nesa da inji da mita 3. Wuta za ta je ta dawo, don haka tsawon da ake lissafawa mita 6 ne. Mutane da yawa suna manta wayar dawowa. Da amper 200, wayar jan ƙarfe mai kaurin 10 mm² za ta cinye kusan bolt 2.1. Mai 16 mm² za ta ci 1.3. Mai 35 mm² za ta ci 0.6 kawai. Batir ɗaya, inji ɗaya, waya kaɗai aka canza. Wayar da ta zo da inji daga kamfani an auna ta daidai tsawonta. Duk wanda zai ƙara mata tsawo, to ya sa wadda ta fi ta kauri, kuma jar waya da baƙar waya, wato ta zuwa da ta dawowa, kaurinsu ɗaya.

Sai maganar jabu. Akwai waya a kasuwa mai kaurin roba, in ka yanka ka ga ƴan silalla a tsakiya. Akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Alminiyam kamar kashi 60 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga saurin ruɓewa in ya sha laima. Gane ta ba wuya: ka fere bakin wayar, ka kankare silli ɗaya da wuƙa. In cikinsa fari ne, ajiye ta. A hannu ma ba ta da nauyi. Araha ba ta ado, balle a kan ruwa. Wayar gini mai silli ɗaya ƙaƙƙarfa ita ma ba ta jirgi ba ce, jijjiga za ta karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Ana son mai silalla da yawa, mai laushi.

Mafi yawan cuta kuwa a bakin waya take, inda kos, wato ƙarfen da ke bakinta, ya haɗa ta da kan batir. Za ka ga yaron gareji ya murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas, ya ce, "Maigida, batir ya mutu." Maigidan da ya san aiki ba ya gardama. Sai ya ce, "Sake murɗawa, ka ƙirga biyar, sannan ka taɓa kos ɗin." Yaro ya taɓa ya fizge hannu, kos ya yi zafi kamar an ɗauko shi daga wuta, batir kuwa da sanyinsa. A kwance kos a ga wani gari fari-fari mai ratsin tsanwa ya taru a ƙarƙashinsa, a fere roba a tarar jan ƙarfen ya yi baƙi har tsawon yatsa. Wutar da ya kamata ta juya inji a nan take zama zafi. Magani bai kai kuɗin sabon batir ba ko kusa: a yanke inda ya ruɓe, a matse sabon kos da kyau, a wanke kan batir da ruwan kanwa (a waje kawai, marafai a rufe), a goge da burushin ƙarfe har dalma ta yi ƙyalli, a ɗaure, sannan a shafa girisi a sama.

Mai mita zai iya tabbatarwa kafin ya kwance komai. Ya ɗora ta a kan dalmar batir kanta, wani ya murɗa makulli. In ta faɗi ƙasa da bolt 9.6, batir ne ya gaji ko bai da caji. In ta tsaya sama da 10 amma inji na jan jiki, sai ya auna daga kan batir zuwa inda wayar ta shiga demarer, ana murɗawa. Fiye da rabin bolt a nan, laifin waya ne.

Yadda ake haɗawa, da inda batir zai zauna

Kan batir mai alamar + ya fi mai alamar − kauri, kuma shi ake ba jar waya. A duba alamar da ido, kada a dogara da launin waya kaɗai, don wani ya riga ka taɓa ta. Juya su ko na daƙiƙa ɗaya yana ƙona na'urar caji. Wajen haɗawa ja ake fara ɗaurewa, baƙa daga ƙarshe. Wajen kwancewa baƙa ake fara cirewa. Dalili shi ne baƙar waya a jikin ƙarfen inji take. In tana haɗe, kana kwance ja, sifana ta taɓa ƙarfen inji, ɗaruruwan amper za su bi ta sifanar da ke hannunka. A cire zoben azurfa da agogo kafin a fara, domin zobe in ya haɗa wuta yana yin ja a yatsa kafin mutum ya iya zare shi.

A ɗaure da noti a matse da sifana. Ɗaurin hannu, ko a cusa ƙusa tsakanin kos da kan batir a buga da dutse, jijjiga za ta sassauta shi. In wayoyi da yawa za su hau kai ɗaya, mafi kauri ce a ƙasa, tana taɓa dalma kai tsaye. Kuma kada a taɓa cire wayar batir inji na gudu don a gwada ko yana caji. Tsohuwar dabara ce da ta ƙona injina da yawa. Mita ce ke faɗa: 13.8 zuwa 14.5 inji na gudu, lafiya lau.

Jirgin katako ba kamar mota ba ne da ake maƙala baƙar waya a jikin ƙarfe ko'ina. Kowace fitila da famfo sai da wayoyi biyu, ta zuwa da ta dawowa. Ko jirgin ƙarfe ne, kada a mai da jikinsa hanyar dawowar wuta, yana jawo masa tsatsa. Kowace jar waya da ta fita zuwa fitila, famfo ko wurin cajin salula, a sa mata fizibil, wato ƴar na'urar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, kusa da batir. Ƙa'idar masu ƙera jirage a Amurka ta ce cikin santimita 18. Aikin fizibil kare waya ne daga kamawa da wuta, don haka wanda aka sa can nesa kusa da fitila ya bar duk tsawon wayar ba tsaro. Babbar wayar demarer ce kaɗai aka saba bari ba fizibil, ita kuma a sa mata makunni babba da ake kashewa in an sauka.

Batir ya zauna cikin akwatin roba, a ɗage daga ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, a ɗaure shi da ɗamara, a rufe jan kai da roba kada ƙugiya ko wuƙa ta faɗa a kai. Akwatin ya sami inuwa da ƙofar iska, domin batir in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke fashewa in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ganin batir da jarkar fetur kafaɗa da kafaɗa a gindin inji. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Tartsatsi ɗaya daga sako-sakon kos ya isa, kuma fasinjan jirgi, mata da yara da ba su iya iyo ba, ba su da inda za su gudu.

Batir ɗaya ko biyu?

Masu cewa ɗaya ya isa suna da hujja. Kuɗi ne, nauyi ne, ƙarin waya kuma ƙarin wurin lalacewa ne. Ga jirgin fito da ke aiki da rana, inji na gudu kusan kullum, ba fitila ba famfo, maganarsu daidai ce, musamman in injin na da igiyar ko-ta-kwana kuma matuƙin ya taɓa gwada ta a bakin gaɓa.

Amma jirgin da ke kwana kan ruwa lissafinsa daban ne. Fitilar nan da ta sha 37 Ah, inji mai ba da amper 6 sai ya yi gudun fiye da awa 6 kafin ya mayar. Ga salular kowa a maƙale, ga rediyo. Kullum ana cirewa fiye da yadda ake zubawa, har ranar da makulli zai yi shiru. A nan batirin sola ya sami gurbinsa: shi ya ɗauki fitila da famfo da salula, da allonsa na caji daban, batirin tada inji kuwa a bar shi da aikinsa guda. Canza fitila zuwa LED mai wat 10 kaɗai zai sauko da cin dare daga 37 Ah zuwa ƙasa da 7.

Abin da bai kamata ba shi ne a ɗaure batura biyu da waya kai tsaye, tsoho da sabo, ko na mota da na sola, ana cewa an ƙara ƙarfi. Mai rauni zai riƙa zuƙe mai ƙarfi, su mutu tare. In ana son inji ya yi wa duka biyun caji, akwai makunni mai zaɓar na ɗaya, na biyu ko duka, akwai kuma na'urar da ke haɗa su in inji na gudu ta raba su in ya tsaya. Mai makunni ya kiyaye kada ya kai shi kan kashewa inji na aiki. Haka nan a kula da yadda ake jera su: ja da ja, baƙi da baƙi, bolt 12 ne. Jan wannan da baƙin wancan bolt 24 ne, tsarin manyan motoci da wasu injinan gazuwal, kuma zai ƙona kayan injin da aka yi don 12.

A shago, da bayan batir ya ƙare

Ɗan aike ya tafi kasuwa da abu uku a rubuce: sunan inji da ƙarfinsa, CCA da Ah da littafinsa ya nema, da gefen da jan kai yake, don waya ta kai ba tare da an ja ta ba. Ya sa a auna batir a gabansa. Sabo mai lafiya 12.6 zai nuna. In ya nuna ƙasa da 12.4, ya daɗe a ajiye cikin zafi, a nemi wani. Ya ɗaga shi ya ji nauyi, domin batura biyu masu girma ɗaya da lamba ɗaya, wanda ya fi nauyi ya fi dalma. Daga nan zuwa Diffa fiye da kilomita 400 ne, a ɗora shi a tsaye, a ƙasa, ba a saman kaya cikin rana ba.

Tsohon batir kuma kada a jefa shi ruwan da ake kamun kifi a sha, kada a zubar da asid ɗinsa a ƙasa, kada a fasa shi a tsakar gida don a narka dalma a yi nauyin taru. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu da gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Ƙurar ce ke shiga ƙasa, yara su yi wasa a kai, su kai hannu baki. A mayar da shi ga mai shago ko masu sayen tsofaffin batura yadda yake, a tsaye, marafansa a rufe, kuma kafin a kai shi a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.